GT 730 bayan cire direban NVIDIA: allo ya maƙale a 1024x768, ga inda abin ya ɓuya

'Yan uwa, injin nan da ya rikice bayan an cire masa direban NVIDIA ya dawo hayyacinsa. Allon da ya ƙi wuce 1024x768 yanzu yana ba da 1920x1080 cif, tagogi na ja sumul, fankar firosesa ta daina kuka. Ba a canza katin hoto ba, ba a sake zuba tsarin daga farko ba. Wani ɗan fayil ne mai layi biyu ya riƙe komai, kuma wallahi ya ci min rai fiye da girmansa.

Kwamfutar tebur ce ta hannu irin waɗanda suka cika shagunan Garwa a Kamaru: Core i5 ƙarni na huɗu, katin hoto GeForce GT 730, allo a kan wayar VGA, Linux Mint 21.3 da Faransanci. An sa mata direban NVIDIA 390.157 ta fayil ɗin .run na kamfanin, ba ta apt ba, wato mai sa manhajoji na tsarin. A kan kanel 5.15 (kanel shi ne zuciyar Linux) tana aiki lafiya. Da aka ɗaga kanel zuwa 6.8 sai modul ɗin, wato ɓangaren direba da ke shiga kanel, ya ƙi ginuwa, allo ya yi baƙi ƙirin.

Kafin komai ku duba wane GT 730 ne a hannunku, domin suna ɗaya ne amma ciki ba ɗaya ba:

lspci -nnk | grep -iA3 vga

In kun ga GF108 da lamba 10de:0f02, tsohon gini ne na Fermi, kuma direbansa na ƙarshe shi ne jerin 390, wanda aka daina kula da shi a ƙarshen 2022. In kun ga GK208B da 10de:1287, Kepler ne, ya kai jerin 470. Namu GF108 ne. Mai injin ya riga ya ƙone data wajen sauke sabon direba na ɗaruruwan MB saboda ya ga "GT 730" a jikin kwali, direban kuma ya ƙi karɓar katin. Ya kuma sayi sabuwar wayar VGA a sefa 3,000 bisa shawarar cewa waya ce ta lalace. Duka biyun kuɗi ne da suka tafi a banza. Hanyar da ta rage ita ce a cire direban kamfani gaba ɗaya a koma nouveau, direban kyauta na katunan NVIDIA wanda yake cikin kanel tun asali.

Cirewar ba ta da wuya. Ctrl+Alt+F3, a shiga, a tsayar da lightdm, manhajar allon shiga, sannan sudo nvidia-uninstall. Kada ku ɓata lokaci da apt purge a irin wannan injin, apt bai san fayilolin da .run ya zuba ba, ba zai taɓa su ba. In dkms status ya nuna ragowar nvidia, sudo dkms remove nvidia/390.157 --all ya isa. Bayan sake kunnawa X, manhajar da ke nuna tebur da tagogi, ya ƙi tashi, /var/log/Xorg.0.log kuma ya faɗi dalili ƙarara: ya nemi modul mai suna nvidia bai samu ba, sai "no screens found". Wannan /etc/X11/xorg.conf ne da nvidia-xconfig ya rubuta, har yanzu yana kiran direban da babu shi. A sauya masa suna zuwa xorg.conf.tsoho, X na yanzu ba ya bukatarsa. Daga nan tebur ya fito.

Ya fito, amma a gurgunce. Girman hoto 1024x768 kaɗai, babu wani zaɓi a saituna, komai ya miƙe a faɗi, Cinnamon, teburin Mint, na gargaɗin cewa ba katin hoto ke zana allo ba. Umarnin glxinfo -B, na kunshin mesa-utils, ya nuna llvmpipe, ma'ana firosesa ce ke yin aikin kati. A xrandr, umarnin da ke jero mafitun allo, ba VGA-1 ba HDMI-1, sai wata mafita guda ta bogi. A wasu injuna sunanta default, a masu sabon kanel None-1. Duk wanda ya ga wannan ya sani hoton da yake kallo na BIOS ne, wanda aka bari tun lokacin kunnawa, babu direban da ya karɓi katin. lspci ya tabbatar: akwai layin "Kernel modules" da nouveau a ciki, amma babu layin "Kernel driver in use". Kanel ya san wanda ya dace, bai ba shi aikin ba.

Wanda aka fara zargi shi ne nomodeset, kuma da gaske yana nan. cat /proc/cmdline ya nuno shi, an sa shi a /etc/default/grub, fayil ɗin saitin GRUB mai tayar da Linux, lokacin da allo ya yi baƙi. Wannan kalma tana hana nouveau, i915 na Intel da radeon na AMD duka kama allo, don haka magani ce ta shiga ciki kawai, ba ta zama ba. An goge ta, an yi sudo update-grub.

Ga masu madannai na AZERTY, wato kusan dukanmu a nan Kamaru da Chadi: editan GRUB bai san tsarin Faransa ba, QWERTY yake karantawa. In kuna son rubuta nomodeset na wucin gadi bayan danna e a jerin GRUB, maɓallin da aka rubuta M a kansa zai ba ku alamar waƙafi mai ɗigo (;) ne. Harafin m yana kan maɓallin waƙafi, wanda ke kusa da N. A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka. Lambobi kuwa a GRUB ba sa son Shift, amma da zarar kun isa taminal na Ctrl+Alt+F3 tsarin Faransa ya dawo, lamba sai da Shift. Rabin masu cewa kalmar sirrinsu ta daina aiki a baƙin allo, nan suka faɗi. In kuna son shiga ba tare da tebur ba, ku ƙara 3 a ƙarshen layin linux ku danna F10, ya fi rubuta dogon umarni da madannai masu gardama.

Cire nomodeset bai canza komai ba. Abin zargi na biyu shi ne wanda kowa ya sani, /etc/modprobe.d/nvidia-installer-disable-nouveau.conf. Mai sa direban yana rubuta shi don nouveau ya ba da wuri, kuma yana faɗa a lokacin cewa wanda ke son nouveau ya dawo sai ya goge da hannunsa. Ba wanda ke karanta wannan saƙon. Abin da ke ciki:

blacklist nouveau
options nouveau modeset=0

An goge shi, an yi sudo update-initramfs -u, an sake kunnawa. Allo na nan a 1024x768 ko gezau.

A nan ne abin ya zama ciwon kai, kuma a nan mutane ke yanke hukuncin cewa kati ya mutu. Ga abin da ke ruɗarwa. In ka rubuta sudo modprobe nouveau, ba kuskure ko ɗaya, umarnin ya wuce shiru. lsmod ya nuna nouveau zaune a ƙwaƙwalwa. Ka duba dmesg, ba kuka ba ƙorafi, ba ma layin da ke cewa ya gano katin. Direba ya hau, allo bai motsa ba. To me ya rage?

Sai an raba aikin layukan nan biyu kafin a gane. blacklist ba ya haramta modul, abin da yake hanawa kawai shi ne kanel ya ɗauko shi da kansa idan ya ga katin. Ka kira shi da suna, zai zo. Layi na biyu shi ne mugun. Da modeset=0, nouveau yana hawa, ya duba wannan lamba, ya ga sifili, ya koma ya zauna ba tare da ya yi rajistar kansa a matsayin direban katin ba. Kamar mai gadi ne da ya zo aiki ya sa hannu a littafi, amma an ce masa kada ya taɓa ƙofa. Shi ya sa a lsmod lambar masu amfani da shi take 0. Hujjar tana nan:

sudo cat /sys/module/nouveau/parameters/modeset

Lafiyayyen inji yana ba da -1, wato ya zaɓa da kansa. Namu ya ba da 0. Ku lura nomodeset na GRUB ma 0 yake haifarwa a nan, shi ya sa dole a fara kawar da shi kafin wannan gwajin ya yi ma'ana. Tunda /proc/cmdline ya riga ya tsarkaka, sifilin daga wani fayil yake zuwa.

Kafin farautar fayil ɗin akwai gwajin da ke wanke katin daga zargi cikin minti ɗaya. Daga taminal na F3, a tsayar da lightdm, sannan:

sudo modprobe -r nouveau
sudo modprobe nouveau modeset=1

Abin da ka rubuta a layin umarni yana zuwa bayan na fayil, don haka shi ke rinjaye. Allo ya ɗan ƙifta, rubutun taminal ya koma ƙanana masu kaifi, dmesg ya cika da layukan nouveau har da sunan GF108. Kati lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙiftawar ta fi min komai daɗi a aikin nan.

Maimakon buɗe folda ɗaya bayan ɗaya, a tambayi modprobe abin da shi yake gani:

modprobe -c | grep -E "^(blacklist|options) nouveau"

Layukan biyu suka fito, alhali an goge fayil ɗinsu. Sai grep -rn nouveau a /etc/modprobe.d da /usr/lib/modprobe.d tare. Ga shi nan: kwafi na biyu, suna ɗaya, a /usr/lib/modprobe.d/nvidia-installer-disable-nouveau.conf. Ƙa'idar modprobe ita ce idan fayiloli biyu suna da suna ɗaya, na /etc ke aiki, na /usr/lib ya yi shiru. Ka goge na /etc, na ƙasan ya farka ya ci gaba daga inda aka tsaya. dpkg -S a kansa ya ce ba na kowane kunshi ba ne, don haka babu purge ko autoremove da zai taɓa kawar da shi har abada. A Mint 21 /lib hanya ce kawai zuwa /usr/lib, kada ku ɗauka wuri na uku ne. Sauran fayiloli kuma ku karanta kafin ku goge: blacklist-framebuffer.conf na tsarin ne, nvidiafb da ke cikinsa ba ruwansa da wannan matsala, ku bar shi.

Goge shi kaɗai bai gama aiki ba. update-initramfs yana kwashe fayilolin modprobe.d ya cusa su cikin initrd, ɗan tsarin da kanel ke fara lodawa lokacin kunnawa, kuma wanda aka gina ɗazu ya haɗiye wannan kwafin. Ana iya gani:

lsinitramfs /boot/initrd.img-$(uname -r) | grep disable-nouveau

Sai sudo update-initramfs -u -k all, domin tsohon kanel 5.15 da ke jerin GRUB shi ma ya tsarkaka. In ba haka ba, ranar da kuka koma masa matsalar za ta dawo ku rasa daga ina. A sake lsinitramfs, in bai fitar da komai ba, a kunna.

Bayan kunnawa lspci ya nuna "Kernel driver in use: nouveau", xrandr ya jero VGA-1 da HDMI-1, 1920x1080 ya zo da kansa. glxinfo -B ya ce NVC1, sunan GF108 ke nan a wajen nouveau. Mai Kepler zai ga NV106. In naku ya kama katin amma glxinfo na ci gaba da cewa llvmpipe, ɗakunan karatun GL ne .run ya taɓa, a maido su:

sudo apt install --reinstall libglvnd0 libgl1 libglx0 libegl1 libglx-mesa0 libgl1-mesa-dri xserver-xorg-core

Maganar waya ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, lokacinta ne bai yi ba. Allo yana gaya wa kati girman da yake iya ɗauka ta fil na 12 da na 15 a kan VGA. Wasu wayoyi masu araha ba a haɗa waɗannan ba, ko ɗaya ya lanƙwashe, sai kati ya kasa karanta bayanin ya tsaya a 1024x768. Bambancin a xrandr yake: in waya ce, za ku ga VGA-1 da sunansa amma jerin girma gajere. In direba ne, sunan mafitar ma ba za ku gani ba. Ku duba wannan kafin ku je kasuwa.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne ƙarfin katin yanzu. A kan Kepler ana iya ɗaga gudu da hannu ta /sys/kernel/debug/dri, a rubuta 0f cikin fayil ɗin pstate na katin. A kan Fermi nouveau bai iya ɗaga gudun ƙwaƙwalwar kati ba, yana zaune a gudun da ya tashi da shi. Ga rubutu, intanet da aikin ofis ya wadatar. Bidiyo mai nauyi kuwa firosesa ke ɗauka, domin sashen bidiyo na katin yana bukatar firmware da ba ya zuwa tare da tsarin. Ga shi GF108 kati ne na wat 49, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, cikin akwati mai ƙurar hunturu.

Shi ya sa gwaji na gaba shi ne a zare katin gaba ɗaya a mayar da waya kan VGA na uwar allo (motherboard). i5 na ƙarni na huɗu yana da hoton Intel a cikinsa, i915 na kama shi ba tare da an sa komai ba, kuma yana warware H.264 da kansa ta VA-API, hanyar miƙa wa sashen hoto aikin bidiyo, wanda umarnin vainfo zai nuna. Yawancin irin waɗannan injuna suna kashe mafitar uwar allo muddin akwai kati a rami, don haka sauya waya kaɗai ba zai ba da hoto ba, sai an kashe inji an cire katin, sannan a duba cewa BIOS na kan Auto wajen zaɓen hoto.