Ranar tonon citta

Asabar da dare. Yanzu na shigo gida, bayana kamar an daka ni a turmi amma bari in rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni.

Yau mu 'yan Zumuntar Mata ta cocinmu muka je tonon citta a gonar wata gwauruwa can bayan Kwoi. Mijinta ya rasu bara, kuma tun cutar nan ta 2023 da ta ruɓar da citta a kudancin Kaduna gidan bai farfaɗo ba, ɗan irin da ta shuka ma bashi ta ci, to ina za ta samu kuɗin 'yan ƙwadago? Shi ne ranar Lahadi bayan sujada Mama shugaba ta ce duk mai fartanya ta fito, babu uzuri.

Ni fa gaskiya ban so zuwa ba. Akwai wata 'yar'uwa da muka yi wata uku ba ma ga maciji saboda kuɗin adashi, ko layin baiko a coci na hango ta sai in ja baya. Muna isa Mama ta haɗa mu wuri ɗaya wai mu ne masu tsaga cittar kafin a shanya, kuma na san da gangan ta yi, tsohuwar nan ba abin da ke wuce ta. Muka zauna kowa ta sha kunu, sai ƙarar wuƙa. Can wuƙar ta zame ta yanke ni a yatsa, ga ruwan citta ya shiga ciwon, wayyo raɗaɗi! Kafin in ankara ta yage bakin ɗankwalinta ta kama hannuna tana cewa "Yaya tsaya mana, kar ki motsa." Kunya ta rufe ni.

Da rana wani mai babur ya tsaya yana kallonmu muna waƙa muna aiki, ya tambaya wai duk dangin matar ne? Mama ta ce eh, dangi ne cikin Yesu. Sai Yohanna 13:35 ta faɗo mini, inda Ubangiji ya ce da ƙaunar juna za a gane almajiransa, ayar da na haddace tun ina yarinya, ga ni zaune da gaba a ciki. Gwauruwar kuwa ta kasa godiya, sai "ɗaukaka ga Allah" take ta maimaitawa da hawaye.

Maganar adashi dai ba mu taɓo ta ba tukuna. Amma kwano ɗaya muka ci tuwon masara, kuma ta ce gobe in ajiye mata wuri a benci. Yatsan har yanzu zugi yake.