Wa ya ce miki laftof ɗinki ta mutu?

Watanni kaɗan da suka wuce 'yar yayata ta shigo min gida rungume da laftof ɗinta, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kawu don Allah ka taimaka a sayar min da wannan abar ko nawa ne, sai Umma ta cika min a sayi wata, an ce ta gama yayi." Na ce wa ya ce miki? Wai wata ƙawarta ce a makaranta ta gaya mata an rufe Windows 10 kuma tata ba za ta ɗauki 11 ba, ga shi dama idan ta kunna ta sai ta je ta yi alwala ta dawo ba ta gama buɗewa ba. Na karɓa na jujjuya, EliteBook 840 G3 ce, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, sikirin lafiya lau, kibod babu maɓallin da ya fita, batir ma yana ɗan riƙe wuta. Gaskiya raina bai so ba, ace abu mai lafiya haka yarinya ta yanke masa hukuncin mutuwa saboda an gaya mata wata kwanan wata ta wuce.

Abin da ƙawar tata ta faɗa ba ƙarya ba ne fa. Windows 10 ta fito a 2015, kuma ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba ta gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai dai wanda ya shiga wani tsari na ƙarin shekara ɗaya. Ita kuma Windows 11 da ta fito a 2021 ta zo da sharuɗɗa, dole kwamfuta ta kasance da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa ɗinta in na Intel ne ya zama daga jenareshon na 8 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan da aka yi wa alfarma. To EliteBook ɗin nan jenareshon na 6 ce. Haka su Latitude E7470, haka su ThinkPad T460, kai mafi yawan abin da ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai iya saya a Beirut Road ko Farm Centre a nan Kano suna ƙasan wannan layin da aka ja.

Kuma a nan ne maganar ta shafe mu fiye da waɗanda suka yanke hukuncin. Mu ai ba sababbi muke saya ba, mutum nawa ka sani da ya taɓa yage kwalin sabuwar laftof? Ofisoshin Amurka da Turai su yi aiki da su 'yan shekaru su sauke, a loda a kwantena su sauka Legas, daga Computer Village da ke Ikeja su gangaro Arewa, mu kira su London yus mu saya muna murna, kuma wallahi sau da yawa sun fi sababbin masu araha ƙarko don dama an yi su ne domin aikin ofis. Yanzu ka yi tunani, duk wani kamfani a can da yake da 'yan jenareshon na 6 da na 7 yana neman rabuwa da su, ina kake jin za su nufa? Nan za su zo, a goge su a saka a leda, yaro ya zo da kuɗin da babansa ya sayar da buhunan masara ya tara, a ce masa ai wannan ba ta da matsala, kuma da gaske injin ba shi da matsala, manhajar da ke kai ce aka daina kula da ita, shi kuma bai sani ba.

Tsakani da Allah ba zan ce maganar tsaro ƙarya ba ce. Duk wanda ya tuna WannaCry a watan Mayun 2017, lokacin da bairos ɗin nan ya kulle kwamfutoci a duniya har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, ya san barin kwamfuta babu gyaran tsaro ba abin wasa ba ne. Shekara 10 ana kula da manhaja ɗaya ma ba kaɗan ba ne. Inda ni ban gamsu ba shi ne inda aka ja layin. Da surutu ya yi yawa a 2021 sai aka ƙara wani furosesa na jenareshon na 7 a jerin waɗanda aka yarda da su, i7-7820HQ, wanda shi ne ke cikin Surface Studio 2, kwamfutar da ita Microsoft ɗin take sayarwa da tsada a lokacin. Ruwa ba ya tsami banza. Idan wancan zai iya, sa'anninsa me ya hana su? Masu gyara a kasuwa kuwa tuni sun gano hanyar tsallake sharuɗɗan, da wata manhaja mai suna Rufus ake haɗa filash a ɗora 11 a kan ko wace irin tsohuwa, amma kamfanin Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan babu tabbacin za su ci gaba da samun gyare-gyare, to ka ga an gudu ne ba a tsira ba.

Mu koma kan laftof ɗin yarinya. Na kai ta wajen wani mai gyara da na saba da shi, ɗan ƙaramin shago, teburinsa cike da sukurori a cikin murfin kwalba da tsofaffin caja a rataye. Ya kwance ƙasan ya ɗaga murfin, ya nuna min da bakin sukundireba ya ce, "Malam ka ga matsalarka nan, wannan tsohon faifan mai juyawa ne ya gaji, ka saurara ka ji ƙararsa." Ya cire ya saka SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi sauri, ramin ram (ƙwaƙwalwar aikin inji) guda biyu ne ɗaya babu komai, ya cusa wani, daga 4 ta koma 8, ya hure ƙurar da ta toshe fanka wadda ta zama kamar auduga, ya mayar da murfi. Duka-duka ko rabin awa bai yi ba, kuɗin kuma ko kusa da na wata laftof bai je ba. Ya ce a ɗora mata me? Na ce bar min wannan.

Da daddare na zauna na ɗora mata Linux Mint 22 a madadin Windows, wadda za a ci gaba da ba ta gyaran tsaro har 2029, babu wanda ya tambaye ni TPM, babu wanda ya ce sai na buɗe akawun, babu lambar lasisi balle a je neman kirak, wato manhajar sata. Wayafai ya kama da kansa, sauti ya fito, na ƙara mata kibod ɗin Hausa da ke cikin jerin tun asali don ta riƙa samun su ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Da safe ta danna maɓalli kafin ta gyara zama ta buɗe. Ta kalle ni ta ce, "Kawu wata ka sayo min?"

Ga waɗanda ba su san zancen ba, Linux tana cikin abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu, doka ta ba shi wannan damar. Richard Stallman ne ya fara wannan gwagwarmayar a Amurka a 1983 da aikin GNU, sai a 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin ya sake wa duniya. Ubuntu wadda a kanta aka gina Mint, ɗan Afirka ta Kudu ne Mark Shuttleworth ya kafa ta a 2004. Kuma in kana riƙe da wayar Android to Linux ce a ƙarƙashinta ko ka sani ko ba ka sani ba, manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya tun 2017 dukkansu ita suke amfani da ita. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin Steve Ballmer ya kira ta ciwon daji, a 2018 kamfanin nasa ya sayi GitHub, inda mafi yawan masu irin wannan aikin ke ajiye kayansu, a kan dala biliyan 7.5.

Ni abin da ya ja ni gare ta ba kyautar ba ce, don maganar gaskiya a nan ƙasar mutum nawa ne suke biyan kuɗin manhaja? Kusan kowa kirak yake sawa, shi ya sa duk filash ɗin da ya shiga bizines senta sai ya fito da bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli shotkot, ɗalibai nawa suka rasa furojet ɗinsu ta haka. Abin da ya ja ni shi ne mallaka. Na biya kuɗina na sayi inji, to ni ya kamata na ce ya gaji ko bai gaji ba, ba wani da ke zaune a wata nahiya ba. Rufaffiyar manhaja sayen kifi a ruwa ce, ba ka ganin abin da ke ciki, ranar da mai ita ya ga dama ya juya baya shi ke nan. Buɗaɗɗiya kuwa ko mai ita ya watsar wasu za su ɗauka, kamar yadda aka yi a 2010 da Oracle ta sayi kamfanin Sun mai OpenOffice, manhajar ofis irin su Word, masu aiki a kanta suka ga take-taken ba su yi musu ba suka ware suka yi LibreOffice, ga ta nan har yau, har jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kanta.

Amma ba zan yaudari kowa ba, akwai inda take cizo. Idan da CorelDraw kake cin abinci, kana yin katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa, kada ka goge Windows ɗinka don ka karanta rubutuna, babu ita a Linux, Inkscape, takwararta ta zane, tana da kyau amma masu buga aiki fayil ɗin Corel suke nema. Mai AutoCAD ma haka. Ita kanta 'yar tawa sati na biyu ta kira ni hankali a tashe, ta rubuta aikinta a LibreOffice ta kai a buga, da aka buɗe a Word teburan suka ɗan goce shafuka suka ƙaru. Na ce ki riƙa mayar da shi PDF kafin ki kai, tun daga nan ba ta sake kira a kan wannan ba. Akwai kuma wata tsohuwar firinta a gidansu da na kwana biyu ina fama da ita kafin ta yarda ta buga. Mutumin da ba shi da wani kawu a kusa fa? Wannan shi ne babban giɓin a wajenmu, masu gyara ƙalilan ne suka san ta, in ka kai musu matsala abu na farko da za su ce shi ne a yi fomatin a mayar da Windows.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a wannan harkar gaba ɗaya. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, maimakon ya share sai ya bi diddigi, ashe wata ɓoyayyiyar ƙofa ce aka dasa a cikin xz, wata 'yar ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Da aka tona sai aka ga mutum ɗaya ne ɗan sa-kai ya yi shekaru yana riƙe da ita ba a biyansa, ya gaji, wasu suka yi ta matsa masa lamba cewa ya yi sanyi, sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya shigo da sunan taimako, ya yi kamar shekara biyu yana aiki tsaf har aka yarda da shi aka ba shi dama, sannan ya dasa abinsa. An kama shi kafin ya bazu saboda rubutun a buɗe yake, wannan nasara ce. To amma ta yaya abin da bankuna da gwamnatoci da kamfanonin biliyoyin daloli suka dogara da shi zai rataya a wuyan mutum ɗaya mai yi a lokacin hutunsa? IBM ta sayi Red Hat, wani kamfanin Linux, a 2019 a kan dala biliyan 34, wato kuɗi akwai su a harkar, kawai ba sa gangarowa ne wajen masu wahalar. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. An ga irin haka da ɓarakar tsaro ta Heartbleed a 2014, an sake gani da ta manhajar Log4j a 2021, duk lokacin sai a yi hayaniya a yi alƙawura, ƙura ta lafa a manta.

Sannan duk wannan zancen manhajar yana da amfani ne idan injin zai buɗu. Laftof ɗin yarinyar nan ta tsira ne saboda an yi ta a zamanin da ake barin ramin ram da wurin canza faifai. Sababbin sirara na yanzu da yawansu an liƙe ram a jikin allo, wasu har ma'ajiyar, yadda ka saya haka za ka mutu da ita, kuma nan da shekara biyar su ne za su cika kwantenonin da ke zuwa mana. Akwai kamfanin Framework da ya fara sayar da laftof a 2021 wadda kusan komai nata ana kwancewa a canza, sai dai kuɗinta ba na ɗalibinmu ba ne kuma ban taɓa cin karo da ita a kasuwarmu ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni shawara yanzu, kafin launi da siranta nake ce masa ya sa a buɗe ƙasan a gabansa ya ga ram ɗin yana fita ko liƙe yake.

Asabar ɗin da ta wuce ƙawar nan tata, wadda ta ba ta labarin mutuwar, ita ma ta biyo ta da tata laftof ɗin, ta gaishe ni ta ce, "Kawu nima a yi min irin nata." Siririya ce kyakkyawa, ta fi ta 'yar tawa sabunta nesa ba kusa ba. Muka kai wa mai gyara ya buɗe, ya duba ya girgiza kai, ram 4 ne a liƙe, ma'ajiyar ma a liƙe, babu wurin ƙara komai. Na ɗora mata wani nau'in Mint mai suna Xfce wanda ya fi sauƙin nauyi, tana buɗewa tana rubutu, amma da ta buɗe shafuka biyar shida a intanet sai ta fara jan ƙafa. Na gaya mata gaskiya cewa iyakar abin da zan iya ke nan, ta lallaɓa da ita har ta gama makaranta, kuma ranar da za ta sayi wata ta kira ni mu je kasuwar tare.