Venga, vale, ya: kunnena ya fara kama maganar 'yan Madrid

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya da daddare abokin hirata na Madrid ya turo saƙon murya mai tsawo da Sifaniyanci, harshen da nake koyo, irin wanda yake yi yana tafe a titi, ga ƙarar motoci ga iska, kuma saurare ɗaya na yi na gane abin da yake faɗa. Ban mayar baya ba, ban roƙe shi ya rubuto ba. Har dariya na yi a daidai inda ya kamata a yi ta. Labarin ba wani na a zo a gani ba ne, ƙorafi yake a kan mai gidan da yake haya da kuma ƙungiyar ƙwallon Rayo Vallecano da suka sake ɓata masa rai, amma ni barci ma da ƙyar na yi don daɗi.

Waɗanda muka daɗe muna fama tare sun san inda na maƙale. Nahawu ya daina ba ni tsoro, ina karanta jarida in fahimci mafi yawanta, malamata ma ina bin ta tiryan-tiryan. Amma da zarar ɗan gari ya buɗe baki yana magana yadda yake yi da ɗan uwansa, sai in koma baƙo. Tsarin da na zana wa kaina a farkon shekara, wai in gama hirar yau da kullum, in shiga maganar titi, sannan in fara shirin DELE, jarrabawar shaidar iya Sifaniyanci, tuni ya cakuɗe. Maganar titin ta cinye komai, DELE kuwa sai abin da hali ya yi.

Bari in fara sauke haushina a kan jerin nan da suka cika intanet, masu cewa ga kalmomin sara 50 da dole ka sani. Matsalarsu ita ce suna zuba ƙasashe a tukunya ɗaya. Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe kusan 20, har da Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu, kuma kowace da yayinta. Kuɗi a Sifaniya “pasta” ne, a Meksiko “lana”, a Ajantina “guita” ko “plata”. Aiki a Madrid “curro”, a Meksiko da Peru “chamba”, a Buenos Aires “laburo”, wanda suka aro daga Italiyanci. Ka haɗa “güey” ta Meksiko da “che” ta Ajantina da “tío” ta Sifaniya, da ake kiran aboki da su, a jimla ɗaya, ba wanda zai ce ka ƙware, tambayar ka za a yi daga ina ka fito. Wasu ma suna iya jawo maka kunya: “coger” da ɗan Sifaniya ke faɗa don ya hau mota ko ya ɗauki kaya, a Meksiko da Ajantina batsa ce. “Guagua” bas ce a Kyuba da tsibiran Kanari, a Chile jariri. “Tinto” a Kolombiya baƙin kofi ne, a Sifaniya jar giya. Don haka na zaɓi gari ɗaya na rufe ido. Na san mutanen Meksiko sun ninka na Sifaniya fiye da sau biyu, amma ni ƙwallo ce ta kawo ni harshen nan tun daga gidan kallo, saboda haka Madrid.

Sai dai zaɓen gari bai warware komai ba, nan ne ma ciwon kan ya fara. Su “guay”, “mola”, “chaval”, “flipar”, “chungo”, duk na haddace su ba wahala, domin kalmomi ne masu jiki, ka gan su ka riƙe. Abin da ya hana ni sakat shi ne ƙananan da ke tsakaninsu. Ga kusan yadda mutumin nan yake magana: “Pues nada, tío, ejque el casero, en plan, que no, que no lo arregla, y yo: venga ya.” In ka cire mai gidan da gyaran da ya ƙi yi, duk sauran ba abin da za ka nuna da yatsa ka ce ga ma'anarsa. Alhali a cikinsu ne fushinsa yake, a cikinsu ne zolayarsa take.

Wahalar hawa biyu ce, kuma na daɗe ina ɗaukarta ɗaya. Hawa na farko shi ne haɗiye haruffa. “Para” ta koma “pa”, “cansado” ya koma “cansao”, “hasta luego” ta dunƙule ta zama wani abu kamar “taluego”, “es que” kuma a bakin 'yan wasu unguwannin Madrid sai ta fito “ejque”, da sautin maƙogwaro irin na harafin kha na Larabci. Sunan garin ma ba sa ƙarasa shi, harafin ƙarshe ko ya ɓace ko ya koma sautin tsakanin haƙora. Abin dariyar, “todo” da “nada” in an haɗiye su sai su zama “to” da “na”, kunnena ya riƙa jin Hausa a tsakiyar zancen Bature.

Wannan hawan na sha kansa da rage gudun murya. Ku lura, WhatsApp yana ƙara gudu ne kawai, 1.5 ko 2, ba ya ragewa, sai ka fitar da saƙon zuwa wata manhajar sauraro ka sa shi a 0.75. Na gwada manhajar da ke juya murya zuwa rubutu, ta taimaka ta wani ɓangaren ta cuce ni ta wani: tana gyara masa magana, inda ya ce “ejque” ta rubuta “es que” tsaf, sai ido ya gamsu kunne bai koyi komai ba. Dabarar da ta yi aiki ita ce in rubuta abin da na ji da hannuna, yadda na ji shi, ko da shirme ne, sannan in duba.

Hawa na biyu ne ya kusa sa ni ajiye littafin gaba ɗaya. Bayan na fara jin kowace kalma, sai ga shi ban san me mutumin yake nufi ba. Zai ce “venga” a farkon saƙo, ya ce ta a tsakiya, ya rufe da ita, ƙamus kuma ya ce mini daga “venir” take, zuwa. Wa zai zo? Rage gudun ma a nan cutarwa ya yi, domin yana miƙar da murya, duk hawa da saukarta su baje, kowace “venga” ta yi kama da 'yar uwarta.

A nan ne kuɗi ya yi ciwo. Malamata dala 12 take karɓa a darasi, ku lissafa da canjin yau, ku ƙara da abin da mai biya maka da katinsa zai ɗora. Na ware darussa musamman don wannan matsala, na roƙe ta ta yi mini magana yadda take yi da ƙanwarta. Takan fara, minti kaɗan sai malantar ta motsa, ta koma furta kowane harafi daram. Ba laifinta ba ne, aikinta ke nan, kuma ta iya shi. Amma zafin in biya dala don in ji Sifaniyancin da na riga na iya, har yau ina jin sa.

Abin da ya buɗe ƙofar a ƙarshe kyauta ne. Na daina tambayar me kalmar take nufi, na koma tambayar me mai maganar yake yi da ita. Na bi tsofaffin saƙonnin na yanko duk inda “venga” ta fito, da jimlar gabanta da ta bayanta, na jera su ina saurare a gudunsu na asali. Ina cikin haka ƙanena ya leƙo yana neman aron caja, na ce masa “to”, ya ce zai dawo da ita gobe, na ce “tooo”, ya yi dariya don ya san ban yarda ba. Sai na tsaya. Ai mu ma muna da ita. “To” ta amincewa daban, “to, sai an jima” daban, “to fa!” daban, “to, to” ta na ji ka ƙyale ni daban, kuma ba Bahaushen da ya koyi wannan a ƙamus. Daga nan na sake jera yankakkun bisa aikinsu, suka rabu da kansu.

Ga yadda nake jin su yanzu, wanda ya fi ni kunne ya gyara mini. “Venga” gajera a ƙarshen waya, sau da yawa tare da “vale”, sallama ce: to shi ke nan, sai an jima. “Venga, venga” da sauri, maza ne, yi hanzari, ita ce kuma ake yi wa 'yan wasa a fili. In aka ja ta, “veeenga”, ko lallashi ne ko miƙa wuya, irin to naji na yarda don ka dame ni. “Venga ya” kuwa haba dai ce, kai bari mana. Ita “ya” ta fi kowa rikici. Ita kaɗai a tsakiyar zancen wani tana nufin na ji, na sani. “Ya, ya” da murya a kwance, na ji dai, amma ban saya ba. “Ya ves” da “ya te digo” goyon baya ne, wallahi kuwa. “Ya está”, an gama. “Ya vale”, ya isa haka, kuma in ka ji uwa ta faɗa wa yaro, ka san ba wasa. “Qué va” ita ce ina! tamu, ƙaryatawa ba tare da faɗa ba. “Pues nada” alama ce mutum zai fara labari ko zai naɗe tabarma. Su “en plan” da “o sea” kuwa, yawanci cike gurbi ne kamar wato, kuma ranar da na koyi barin su su wuce ba tare da na tsaya fassara ba, rabin gudun maganar ya ragu.

Ina ganin mu da muka tashi da harshe mai karin sauti muna da riba a nan, ko da yake nasu ba irin namu ba ne. Su hawa da saukar murya ba ya canza kalma ta zama wata, yanayin mai magana yake nunawa. Amma kunnen da ya saba lura da tashin murya, in ka daina cika shi da fassara, da wuri yake kamawa.

Bayan wannan na koma rediyo, Cadena SER da COPE a lokacin wasa, inda mutum huɗu ke magana a kan juna. Ya fi bidiyo sauƙin data nesa ba kusa ba, kuma da yake na san abin da ke faruwa a fili, hankalina yana kan yadda ake faɗa. A can na tsinci “golazo”, ci mai burgewa, da “paquete” ga ɗan wasan da ba ya taɓuka komai, da “piscinazo” ga mai faɗuwar ƙarya, da “manita”, ci biyar, irin wanda Barcelona ta yi wa Real Madrid a Nuwamban 2010 har ɗan wasan Barcelona Piqué ya ɗaga yatsu biyar. Magoya bayan Madrid na nan, ku yi haƙuri, misali ne kawai.

Abu ɗaya da ba na tsallakewa yanzu kafin in sa sabuwar kalma a bakina shi ne ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar harshen da aka kafa tun 1713. Yana intanet kyauta. Ba ma'anar nake zuwa dubawa ba, ƙananan alamomin gefe nake nema: “coloq.” na nufin ta hira ce, “malson.” na nufin ba ta da daɗin ji a gaban mutane, “vulg.” maganar tasha ce, sannan “Esp.” ko “Méx.” ko “Arg.” su faɗa maka ƙasar. A can na ga cewa “currar”, “molar” da “chaval” daga caló suka shigo, harshen gitanos, wato ƙabilar Romani ta Sifaniya.

Alamar “malson.” ɗin nan ta raba mini gardama da kaina. Saƙonnin abokin nan cike suke da ashar irin su “joder” da “hostia”, su a wurinsu ba wani abu ba ne tsakanin abokai. Ta biyun asalinta gurasar ibadar coci ce, kuma ni ba zan ɗauki abin ibadar wasu in mayar da shi ashar ba, ko da masu abin sun saba. Na yanke cewa in gane su, amma kada su fito daga bakina. Malamata ta ba ni masu laushi da ake sakawa a gurbinsu, “jolín”, “jo” da “ostras”, abokina ya ce ina magana kamar kakarsa, na ce na ji na karɓa. Haka “tío” da “tía”: na sa'anni ne. Duk da 'yan Sifaniya sun fi mu sakin jiki da manya, dattijon da ban sani ba “usted”, kalmar girmamawa, zan ce masa har sai ya ce in daina.

Kada murnar ta yi yawa, ji ne ya gyaru, baki bai bi ba tukuna. Na mayar masa da amsa na rufe da “venga”, ya ce ta fito kamar umarnin soja, wai na sare ta da ƙarfi maimakon in sake ta ta gangara. Yanzu abin da nake yi ke nan, ina naɗar muryata in jera ta kusa da tasa. Kuma ya taɓa miƙa wa wani abokinsa ɗan Cádiz, a kudancin Sifaniya, wayar, mutumin ya yi magana, harafin “s” na ƙarshen kalma duk ya ɓace, ban tsinci komai ba sai gaisuwa. Wannan sai an sake ɗaura ɗamara.

Masu bin Meksiko a cikinku, ina zargin “órale” da “ándale” irin wannan aikin suke yi a can, “ahorita” kuma na ji ana kuka da ita. Wanda ya yanko nasa ya jera, don Allah ya faɗa mana kashi nawa suka rabu a kunnensa.