Jinin allura da na ɗauka ƙarfen cutar kansa ne

Ranar da zan bar sashen, ina kwashe takarduna, sai na ci karo da jadawalin nan da ya cinye mini kusan shekara guda. Har yau in na gan shi gabana faɗuwa yake.

Abin da muke nema shi ne ko MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, za ta iya nuna yawan sinadarin ƙarfe a furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, tunda ƙwayoyin cutar kansa suna da haɗamar ƙarfe, da shi suke hayayyafa. A hanta da zuciya an daɗe ana wannan awo. Ƙarfe yana hargitsa maganaɗisun da ke kewaye da shi, sigina ta mutu da wuri, T2*, wato ma'aunin lokacin da siginar ke ɗauka kafin ta mutu, ya gajarta. A zuciya ma, in ya sauko ƙasa da milisakan 20 a na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5, an san ƙarfe ya taru. Sai na ɗauka furostet ma haka zai ba da kai.

Sakamakon ya fito kamar an zana. Duk inda ake zargin kansa, T2* gajere ne. Shugaban bincikenmu ya kai shi taron sashe yana ta "mun gano, mun gano". Can sai likitar da ke duba nama a madubin ƙara girma ta ɗaga hannu ta ce, yaushe aka tsakuri naman waɗannan mutanen da allura don gwaji? Ban rubuta ba. Da na koma fayil, yawancinsu mako 2 ko 3 bayan allura aka ɗauki hotonsu. Allura tana barin jini, jini cike yake da ƙarfe, kuma ai inda ake zargin ciwon nan ake sokawa. Shi ya sa ake jiran mako 6 ko fiye kafin a ɗauki hoton. Abin da ya fi ƙona mini rai, hoton T1, wani nau'in hoton MRI, yana nan, jinin yana haske fari fat a ciki, ni kuwa ban ko buɗe shi ba.

Laifina ne, ban musa ba. Amma takardar tsarin aikin da ba ta da gurbin ranar allura, shugaban ne ya sa mata hannu. Daga wannan rana "mun" ta koma "ya", ni kaɗai na sha kunyar, bai taɓa cewa uffan ba.

Sauran abubuwan da ke ruɗa awon na koye su a hankali. Iskar dubura tana lalata awon bayan furostet. Ƙananan duwatsun kalsiyom su ma baƙi suke fitowa tamkar ƙarfe, sai an duba wani nau'in hoton MRI da ake kira "phase" ake rarrabewa. Jinin da iskar oksijin ta yi wa ƙaranci shi ma yana rage T2*.

Na sake tara marasa lafiya daga farko, waɗanda ba a taɓa da allura ba. Bambancin T2* da na samu tsakanin wurin kansa da lafiyayyen nama ɗan kaɗan ne, amma ko gaban wa zan kare shi. Fom ɗin da ake cikewa yanzu a sashen ni na tsara shi, layinsa na farko ranar allura ce.