Makonni Uku Tsakanin Kalangu da Takarda

Kawuna makaɗin kalangu ne, kuma gado ya yi, domin mahaifinsa ma mahauta yake yi wa kiɗa a Kasuwar Kurmi. Saboda haka da aka ce wani Bajamushe mai tsara kiɗa ya zo Kano yana son yin wasa tare da makaɗan gari, ni aka ɗauka tafinta, na zauna da su makonni uku a wani zaure kusa da Ƙofar Mata.

Baƙon ya zo da shirinsa a rubuce, kowane sauti da alamarsa a kan layuka biyar. Mutanenmu kuwa, mai goge da mai algaita da masu kalangu biyu da 'yan amshi huɗu, a ka suke riƙe da nasu, kamar yadda suka karɓa daga iyaye. Kwanakin farko sun yi nauyi. Mai goge ya daɗe yana shafa ƙaro a izgar doki yana neman muryar da za ta dace da fiyanon baƙon, har baƙon ya gane cewa goge muryar mawaƙi yake bi, don haka shi ya sauko ya same su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a rana ta biyar. Kawu ya kaɗa wani take, baƙon ya ji daɗinsa ƙwarai, sai ya roƙi a ɗaga sautin ƙarshe sama domin ya haɗu da abin da ya rubuta. Kawu ya sauke kalangun daga hammata, ya ɗora makaɗin a cinya, ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaya masa magana nake yi, in na ɗaga nan na faɗi wani abu dabam." Nan na yi wa baƙon bayani cewa Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya, hawa da saukar murya ne kawai ke raba su. Idan makaɗi ya matse tsarkiya da hannunsa sauti ya hau, idan ya saki ya sauka, kuma da haka yake furta kirarin mutum har mai shi ya ji sunan kakansa daga nesa. Baƙon ya yi shiru, sannan ya ɗauki fensir ya soke layi biyu daga takardarsa, ya ce a koya masa kalmomin taken tukuna.

Daga ranar aikin ya canza. Ya daina kawo sauti a cika masa, ya koma gina nasa a ƙarƙashin maganar kalangu, yana barin fili inda amshi zai shigo. A ganina wannan ne ya sa wasan ya zama na haɗin gwiwa da gaske, domin na sha ganin inda ake jera makaɗanmu a gefe don ado kawai.

An yi wasan bayan sallar la'asar a farfajiyar Gidan Ɗan Hausa, gidan da Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a unguwar Nassarawa ta Kano a 1909. Da aka zo wurin taken nan, wani dattijo a sahun gaba ya miƙe ya jinjina hannu, domin ya ji kirarin gidansu daidai yadda ya san shi tun yana yaro. A takardar shirin taron kuma, sunan Kawu yana layi ɗaya da na baƙon, a matsayin waɗanda suka tsara kiɗan.