Yaɗiyar da na so sarewa

Shekarar da na fara aikin lambu a gefen Marwa ta ƙasar Kamaru, kusa da mayo (wato kogin) Tsanaga, kaina cike yake da kabeji da latas da karas, don su aka karantar da mu. Abin da ban shuka da hannuna ba kuwa, ciyawa ce a wurina. Ranar da na sa yara su share shinge, wata dattijuwa da ke tsinke mana tumatir ta tare su.

"Ɗana, yaɗiyar za ka sare? To in bazara ta yi, me za mu sa a tukunya?"

Na ce, "Iya, ai maɓoyar macizai ce." Kallona kawai ta yi. Kunya ta sa na bar rabi.

Da Afrilu ya shigo zafi ya haura digiri 40, mayon ya koma rairayi zalla, ruwan rijiya ya ja baya. Latas ya ƙone, kabeji tsutsa ta gama da shi. Rabin yaɗiyar nan kuwa yana nan shar, ba wanda ya taɓa ba shi ko moɗa ɗaya, saboda saiwarta ta yi nisa a ƙasa. Kwaɗonta da ƙuliƙuli muka riƙa ci da rana, ni da na so hallaka ta har ina neman ƙari.

Zogale ma gyara Iya ta yi min. Na bar shi ya miƙe kamar gora, ina ta alfahari, alhali ganyen ya fi ƙarfin hannu. Ta sa aka datse shi daidai ƙugu, ya yi rassa ya cika. Sandunan da aka sare, masu tsawon mita 1, ta kafa su jikin shinge, suka kama. Ganyen kuka kuma a inuwa take shanya shi, don rana na kashe masa kore.

Wanda ta fi ja min kunne a kansa anza ce. 'Ya'yanta sun ceci mutane a shekarun yunwa, amma sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Mai gaggawa ba ya dafa anza.

Tafasa, wadda Fulanin nan ke kira tasba, sai da damina. Wani direba ɗan Cadi ya ce min su ruɓar da ganyen suke yi ya zama kawal, kamar daddawa. Iya ta ce warinsa ya fi ƙarfinta, amma ta karɓi ƙulli biyu.