Tambarin Sarki Joji a jikin bindiga

Jiya a Abuja na leƙa wani baje kolin tsofaffin kayan soja, na tsaya gaban wata bindiga ƙirar Lee-Enfield, irin wadda mazan jiya suka riƙe a yaƙin ƙasar Bama (Burma). Wani tsohon saje da ke tsaron wurin ya ce, "Yaro, matso, bindiga ma tana da takardar haihuwa."

Ya nuna mini zoben ƙarfen da ke haɗa gindin katako da gangar jiki. Ga kambin sarauta, ƙarƙashinsa G.R., wato Sarki Joji, sai BSA, kamfanin Birmingham da ya ƙera ta, sannan 1917. Da ta Indiya ce, in ji shi, G.R.I. zan gani. Wata 'yar kibiya kuma shaidar mallakar gwamnatin Birtaniya ce.

Na ce, "Baba, lambar bindigar fa?" Ya sa na gwada ta jikin gangar da ta hannun ɗana harsashi, suka saɓa. Ashe an taɓa musanya mata kaya, kuma masu tara irin waɗannan ba sa son haka, daraja takan faɗi. Ni kam ban ga laifinta ba, tsohuwar da ta haura shekara ɗari!